Ga mai son bin Félix a Wimbledon: ka fara da jadawali

Salamu alaikum. Ɗan'uwanmu ya yi tambaya cewa ƙaninsa da ke karatu a Kanada ya ishe shi da zancen ɗan wasan tanis na Kanada Félix Auger-Aliassime, shi ne yake son sanin yadda zai riƙa bin wasannin yaron a gasar Wimbledon ta Landan daga nan gida, da kuma ko akwai alamar zai ɗauki kofin. Na ga an ce maka ka sauke manhajar gasar kawai. To, ka sauke, tana da amfani, har rediyo gare ta kyauta. Amma abin da za ta ba ka shi ne wa ya ci wa, ba za ta gaya maka yadda aka yi ba. Ni na daɗe ina bin 'yan Kanada a wannan gasa, tun zamanin da Milos Raonic ke tashe, bari in ɗan tsakura maka abin da na gani.

Mu fara da mai sauƙin. A watannin Yuni da Yuli agogon Landan daidai yake da na Najeriya da Nijar, ba sai ka yi lissafi ba. Mutanen Gana ne za su rage awa ɗaya. Ƙananan filaye suna farawa da ƙarfe 11 na safe, babban filin da ƙarfe 1:30 na rana. Kowace yamma ana fitar da jerin wasannin gobe, sai dai ba a sa wa yawancinsu lokaci, cewa ake yi wasa na uku a fili kaza. Idan na gabansa suka ja, kai ma ka ja. Rana kuma ba ta faɗuwa a can sai bayan tara na dare, don haka kana iya yin Magariba da Isha ka dawo ka tarar ana bugawa. Filaye biyu ne kaɗai ke da rufi, babban tun 2009, na biyun tun 2019, kuma ko a ƙarƙashin rufin ƙarfe 11 na dare dole a tashi saboda mazauna unguwar. Ɗan wasan da ba ɗan Birtaniya ba, ba kuma cikin manyan farko yake ba, sau da yawa a filayen waje ake ajiye shi, inda ruwan sama ke iya raba wasa kwana biyu.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne jadawali, wato tsarin wa zai kara da wa. Ranar Juma'ar da ta gabaci gasar ake fitar da shi. Mutum 128 ne, zagaye bakwai, kuma 32 daga cikinsu ana ba su lamba a warwatsa su don kada su haɗu da wuri. Ka nemo sunan Félix, ka bi layinsa da yatsa har zuwa zagaye na huɗu, ka ga su wa ke kan hanya. Kada ka tsaya ga masu lamba kaɗai, marasa lambar su ne masu haɗari. A 2022 Félix ya shiga yana mai lamba 6, aka haɗa shi a zagayen farko da wani dogon Ba'amurke, Maxime Cressy, wanda da ya buga sabis, wato bugun da ake fara kowane maki da shi, sai ya rugo gaban raga. A ranar aka yi waje da Félix. Wanda ya duba matsayin duniya kawai zai ce abin mamaki ne, wanda ya san yadda Cressy ke wasa kuwa tun ranar Juma'a gabansa ya faɗi.

Dalili shi ne ciyawar da ake buga gasar a kai. Ana aske ta zuwa milimita 8, ƙwallo idan ta faɗi ba ta tashi sama kamar a jar ƙasar da ake buga gasar Faris a kai, zamewa take yi ƙasa-ƙasa da gudu. Saboda haka mai sabis ne ke da iko. Za ka ga an yi minti arba'in kowa na cin nasa, ba wanda ya ko kusa karya na wani, wato ya ci gem ɗin da abokin karawarsa ke da sabis, sannan a cikin minti biyu komai ya ƙare. Wasa kashi-kashi ne da ake kira set, kowane set kuma gem-gem ne; idan aka kai gem shida da shida sai a shiga raba-gardama, wanda a wajena tamkar bugun fenareti ne bayan an tashi kunnen doki: gwaninta na da rana, amma mai sanyin zuciya ke ci. Ga shi kuma ciyawar kanta canzawa take. Makon farko kore ce shar, tana da santsi, 'yan wasa suna ta faɗuwa. Kafin a kai mako na biyu bayan layi ya zama ƙasa tsura saboda sawun ƙafa, ƙwallo ta fara ɗan tashi, masu iya mayar da sabis su fara numfashi. Shi ya sa mai ƙarfin sabis ke tsere a farko, ya zo ya cije a ƙarshe.

Raonic a 2016 shi ne babban misalin da zan ba ka, don a kan idona aka yi. Dogo ne, ya doshi mita biyu, an haife shi a Montenegro, ya tashi a Ontario. A shekarar ya ɗauko tsohon zakaran Wimbledon John McEnroe ya taimaka masa a kakar ciyawa, don ya koya masa zuwa gaban raga maimakon tsayawa a baya. A zagaye na huɗu David Goffin ya cinye masa set biyu na farko, muka cire rai, ya dawo ya ci uku a jere. Sannan jadawali ya yi masa gata: Novak Djokovic ne ya kamata ya tarar a zagayen 'yan takwas, amma Sam Querrey ya riga ya kawar da Djokovic tun a zagaye na uku. Raonic ya doke Querrey a makon Ƙaramar Sallah, ya sami Roger Federer a wasan kusa da na ƙarshe ranar Juma'a.

Wannan wasa a shagon wani abokina mai gyaran waya na kalla, mu kaɗan a kan benci, sauran duk 'yan Federer ne. Federer na gaba da set biyu da ɗaya. A set na huɗu Raonic na gaba da shida da biyar, Federer ke da sabis, ya kai 40 da babu, saura maki ɗaya a tafi raba-gardama. Har wani ya miƙe yana gyara hula zai je ya sayo ruwa. Sai Federer ya ɓarar da maki, ya kuma ɓata sabis biyu-biyu, wato na farko da na biyu duka, har sau biyu a jere, abin da ba a saba gani gare shi ba. Mai hular ya koma ya zauna bai ce uffan ba. Raonic ya karya, ya ɗauki set ɗin 7-5, ya cinye na biyar 6-3, a ciki har Federer ya zame ya faɗi rub da ciki. Kafin ranar Federer bai taɓa faɗuwa a wannan mataki a Wimbledon ba. Wanda ya ga sakamako a waya zai ce Raonic ya fi shi wasa. Mu da muka kalla mun san a cikin gem ɗaya abin ya juya.

Ranar Lahadi 10 ga Yuli aka buga na ƙarshe da Andy Murray, ranar da Fotugal ta doke Faransa a wasan ƙarshe na kofin Turai, don haka ba wanda ke da lokacinmu sai da muka roƙi arziki aka bar mana talabijin da rana. Sakamakon 6-4, 7-6, 7-6. A takarda kamar an yi kusa. A ido kuwa ba a yi ba. Sau ɗaya tak Murray ya karya sabis ɗin Raonic, amma kusan duk abin da Raonic ya harba sai ya dawo masa a ƙafa. Akwai sabis ɗin da ya buga mai gudun mil 147 a awa, Murray ya tare shi, ya kuma ci makin. Raba-gardamar biyun 7-3 da 7-2 aka tashi. Har yau Raonic ne namiji ɗan Kanada da na ga ya fi kusantar kofin a wasan ɗaiɗai.

Sauran ma labarinsu bai yi nisa da wannan ba. Eugenie Bouchard ta kai wasan ƙarshe na mata a 2014, Petra Kvitová ta gama da ita 6-3, 6-0 cikin ƙasa da awa guda. Denis Shapovalov, bahago ne mai wasan ganganci, ya kai kusa da na ƙarshe a 2021 bayan ya fitar da Murray da Karen Khachanov. Ya matsa wa Djokovic lamba sosai, har ya riƙe sabis don cin set na farko, ya sami damar karyawa barjat, ɗaya kawai ya iya amfana da ita. Aka tashi 7-6, 7-5, 7-5, ya fita fili yana hawaye. Inda 'yan Kanada suka ɗaga kofi a wasan bibbiyu ne: Daniel Nestor a 2008 da 2009 tare da Nenad Zimonjić, sai Vasek Pospisil a 2014 tare da Jack Sock.

To, mu dawo kan naka. Félix haihuwar Montreal ne a shekarar 2000, mahaifinsa ɗan Togo ne, malamin tanis, kuma yaron bai yar da asalinsa ba, yana tallafa wa karatun yara a yankin Kara na arewacin Togo. Wannan ma ya isa ya sa mu riƙa yi masa fatan alheri. Yana da abin da ciyawa ke so, wato sabis na farko mai ƙarfi da bugun hannun dama. A 2021 ya doke Federer a gasar Halle ta Jamus, ya zo Wimbledon ya fitar da Alexander Zverev a set biyar, sannan Matteo Berrettini ya tsayar da shi a zagayen 'yan takwas. Bayan nan kuma sai aka yi shekara uku a jere, 2022 zuwa 2024, yana fita a zagayen farko. Na 2024 ya fi ciwo, don yana gaban Thanasi Kokkinakis da set biyu, wasan ya kwana, washegari ya suɓuce masa.

Idan kana kallonsa ko kana bin alƙaluma a manhaja, ga inda nake sa ido. Ka duba kashi nawa na sabis ɗinsa na farko ke shiga. In ya haura sittin cikin ɗari, ka kwantar da hankalinka. In ya faɗi ƙasa, sabis na biyu zai fara yawa, daga nan kuskuren biyu-biyu ke kunno kai, kuma yakan zo masa ne daidai lokacin da bai kamata ba. Ka kuma lura da abokin karawar: in ya gane ya riƙa danna masa ƙwallo ta ɓangaren hagu, ranar akwai aiki. Sannan ka ƙirga set nawa ya buga a makon farko. Maza sai mutum ya ci uku cikin biyar, kuma wanda ya sha set biyar sau biyu kafin zagaye na huɗu, ƙafafunsa ba za su kai shi Lahadin ƙarshe ba. Tun 2022 ma an soke hutun Lahadin tsakiya, kuma set na biyar yanzu raba-gardama mai maki 10 ake yi masa idan an kai shida da shida, don kada a maimaita irin ta John Isner da Nicolas Mahut a 2010 da suka kai 70-68.

Kafin gasar kuma ka leƙa ƙananan gasannin ciyawa na Stuttgart, Halle da Queen's. Kakar ciyawa gajeriya ce, mako uku ne kacal tsakanin gasar Faris da Wimbledon, don haka wasa biyar ko shida da ya buga a can sun fi gaya maka gaskiya a kan duk abin da ya yi a jar ƙasa.

Batun ko zai ɗauki kofi, ra'ayina ke nan, wani na iya saɓa mini. Zagayen 'yan takwas yana cikin ƙarfinsa duk shekarar da yake da lafiya kuma jadawali bai jefo masa wani Cressy a ranar farko ba. Kofin kuwa sai ya bi ta kan Carlos Alcaraz ko Jannik Sinner, wataƙila duka biyun, kuma dukansu sun iya mayar da sabis irin yadda Murray ya yi wa Raonic. Ka gaya wa ƙanin naka ya turo maka jadawali da zarar ya fito ranar Juma'a, ka sako mana ɓangaren da Félix yake, mu duba tare mu ga su wa ke gabansa.