Na yi feshi, amma farin ƙwaro ya ƙaru a mangwarona

Tambaya: Ina da lambun mangwaro da gwaiba a Kujama. Bana na yi ta feshi da cypermethrin, amma farin ƙwaron nan mai kama da auduga sai ƙaruwa yake, ganye duk ya yi baƙi. Ko maganin jabu ne? Daga wani mai lambu, Kaduna.

Amsa: Malam, da wuya jabu ne. Maganin ya yi aiki, sai dai masu taimakonka ya kashe.

Rina da zanzaro suna farautar tsutsa su kai wa 'ya'yansu. Akwai kuma wasu danginsu ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba, da ke saka ƙwai cikin jikin farin ƙwaron, ɗansu ya cinye shi ta ciki. Ɗaya daga cikinsu, Gyranusoidea tebygi, daga Indiya aka kawo shi Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1980 musamman saboda mangwaro.

Shi farin ƙwaro kakin jikinsa na kare shi, ga shi yana ɓuya a ƙarƙashin ganye. Masu taimakon naka kuwa kullum yawo suke a kan ganye, suna shan darɓa, wato ruwa mai zaƙi da farin ƙwaron ke fitarwa, da ruwan fure, don haka magungunan feshi irin su cypermethrin, lambda-cyhalothrin da dimethoate su suke fara gamawa da su, ko bayan maganin ya bushe. Imidacloprid ma ba sauƙi, yana bin jikin itacen ya fito a fure da darɓa. Baƙin ganyen kuma naman gwari ne da ya tsiro kan darɓa, ba ciwo ne daban ba.

Ka dakata da feshin. Juya ganye ka duba: in ka ga ƙwaron ya bushe ya yi ruwan ƙasa da 'yar huda a jikinsa, ƙananan dangin rinar suna nan suna aiki, ka bar su. Inda ya yi yawa, ka daka 'ya'yan darbejiya, giram 50 a kowace lita ta ruwa, ya kwana a jiƙe, ka tace, ka sa ɗan sabulu, ka fesa wa rassan da suka kamu kaɗai da yamma. Kada ka yi feshi lokacin fure a hunturu.

Sheƙar rina kuma, in ba a kan hanyar yara take ba, a daina ƙona ta. Tururuwar da ke hawa shan darɓa tana korar ƙananan, sai ka naɗa leda a gindin itacen ka shafa mata giris.