Tambaya da Amsa: An Ce Mofin Maganin Ƙarasa Mutum Ne, Mu Ba Hajiya Ko Mu Hana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata tana fama da sankarar mama, har ta kai ga ƙashin baya. An yi kemo, wato ƙarin ruwan maganin daji, an yi gashi da na'ura, yanzu likitoci sun ce abin da ya rage shi ne rage mata raɗaɗi, suka rubuta mata mofin na ruwa. Kawunmu ya hana, ya ce shi ake ba wanda aka fid da rai da shi don a ƙarasa shi. Ba ta barci, mu ma ba ma yi. Ga shi kuma ƙungiyarmu ta unguwa ta fara tara kuɗi don buɗe gidan kula da irin waɗannan majinyata kyauta, amma wasu dattawa sun ce gidan jiran mutuwa ne, kuma jefar da iyaye ne. Na rasa abin da zan kama. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya sauƙi, ya sa kaffara ce, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Ɗan'uwa, ku fara ba ta maganin nan yau, yadda likitanta ya rubuta. Maganar da Kawu ya yi kullum ina jin ta, kuma ban san wata jita-jita da ta azabtar da masu ciwon daji a ƙasar nan kamar ta ba. Na san inda ta samo asali. A asibitocinmu ba a cika fito da mofin ba sai mutum ya kai gargara. A ba shi ranar Talata, ya cika ranar Alhamis, dangi su koma gida suna cewa maganin ne. Cutar da ta yi shekara biyu tana cinsa ita ta kai shi, maganin kuwa zuwa ya yi a makare. Da an fara shi wata shida kafin nan, da ya yi wata shidan yana barci, yana cin abinci, yana salla a zaune.

Mofin da ake sha ta baki, a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa a hankali gwargwadon ciwon, ba ya rage kwana. Yana cikin jerin magunguna na dole na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1977, kuma tun 1986 hukumar ta sa shi a matakin sama na maganin raɗaɗin daji. A 2010 an buga wani bincike daga Boston ta Amurka a kan masu sankarar huhu da ta riga ta bazu. Waɗanda aka fara wa kulawar rage raɗaɗi tun da wuri sun rayu kimanin wata 11.6, sauran kuwa wata 8.9. Ajali na hannun Allah, amma ka ga dai ba wanda aka ƙarasa.

Sai tsoro na biyu, wai za ta zama 'yar ƙwaya. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, ga kuma ɓarnar da tiramadol ya yi wa matasanmu, mutane sun haɗa komai a kwando ɗaya. Yaron da ke sha don ya bugu daban, dattijuwar da ƙashin bayanta ke zogi dare da rana daban. Ita ba maye take nema ba, so take ta iya juyawa a kan katifa ba tare da ta yi ƙara ba. In an ga likita ya ƙara mata awo, yawanci cutar ce ta ƙara gaba.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne abin da ake maye gurbinsa da shi. A hana mofin, a kira yaron kemis ya zo yana caka mata allurar fentazosin safe da yamma har cinyoyi su yi tauri su fashe, alhali allurar tana da iyakar da ba ta wucewa, kuma in aka haɗa ta da mofin tana rage masa ƙarfi. Ko a dinga ɗura mata maganin ciwon jiki daikolofenak har ƙoda ta gaza ko ciki ya yi jini. Ko a kwashi kuɗin gona a kai wa mai lasifika a bakin kasuwa da ya rantse yana warkar da daji cikin kwana arba'in, ya ba da garin da za a barbaɗa a gyambo, ya ƙara ruɓewa. Duk wannan ba wanda ya ce haram, sai maganin da likita ya auna. Wallahi abin na da ciwo. Mutumin da zogi ya gigita ba ya iya wasiyya, ba ya iya yafe wa kowa ko neman yafiya, ko kalmar shahada aka laƙƙana masa da kyar yake jin ta.

Ku kula da waɗannan abubuwa game da mofin ɗin. Ana ba da shi kan lokaci, yawanci duk bayan awa huɗu, ba sai ta yi kuka ba. Zai sa ta gyangyaɗi, wataƙila da tashin zuciya, kwana biyu zuwa uku na farko, sannan ya lafa. Taurin bayan gida kuwa ba ya lafawa, don haka a nemi likita ya haɗa da mai sassauta ciki tun ranar farko. In ta yi nauyin barcin da ba a iya tashinta, ko numfashi ya ja sosai, ko fitsari ya ragu, a dakata da awo na gaba a kira likita. A kulle kwalbar, mutum ɗaya ya riƙe makulli, a riƙa rubuta lokaci a littafi. Kawu kuwa kada ka yi jayayya da shi. Ka roƙe shi ya raka ku asibiti ya tambayi likita da bakinsa.

Batun gidan da kuke son buɗewa, dattawan suna da gaskiya a wuri ɗaya: yawancin mutanenmu sun fi son su cika a ɗakinsu, cikin 'ya'ya da jikoki. Amma ba kowa ke da ɗaki da 'ya'ya ba. Akwai ɗan cirani, akwai matar da aka saka saboda warin gyambo, akwai gidan da mai jinya ɗaya ce tal, ita ma ta kusa faɗuwa. Waɗannan ba a jefar da su in an ba su gado mai tsabta da nas.

Irin waɗannan gidaje dama da kuɗin jama'a suka tashi. Wanda wata likita, Cicely Saunders, ta buɗe a Landan a 1967 ya faro ne daga fam 500 da wani majinyaci ya bar mata a 1948, kuma har yau mafi yawan kuɗin irinsu a Ingila sadaka ce. Amma ku fi duba Yuganda. Dokta Anne Merriman ta fara aikin a Kampala a 1993 da bin majinyata gida-gida, tana dama garin mofin a ruwa don ya yi araha, har a 2004 ƙasar ta ba nas-nas masu horo izinin rubuta shi. A jihar Kerala ta Indiya maƙwabta ne ke aikin sa-kai, suna tara 'yan kuɗi kaɗan-kaɗan. A nan gida, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe nasa sashen a 2007.

Saboda haka kada ku fara da bulo da siminti. Ku fara da albashin nas ɗaya mai horo, kuɗin mai na a-daidaita-sahu, safar hannu, famfas na manya, ledar katifa, da ƙwayar filajil da ake niƙawa a barbaɗa a gyambo ta kashe wari. Ku koya wa matan unguwa yadda ake juya majinyaci duk bayan awa biyu don kada baya ya sale, da yadda ake jiƙa leɓe da auduga. Ku raba kwana, mai jinya ta samu ta runtsa. Mofin ba a ajiye shi sai ƙarƙashin likita da mai harhaɗa magani masu lasisi, kuma ku shirya wa zirga-zirgar takardu da amsar "ya ƙare a sito", domin da yawa daga cikin ma'aikata ma tsoronsa suke. Ku ƙulla da asibitin koyarwa mafi kusa tun yanzu. Ku je wa limamai da maganar zakka ga majinyata matalauta, da waƙafin gida daga mai hali. In aikin gida-gida ya yi shekara, ku da kanku za ku san gado nawa kuke bukata, da su wa za a kwantar a kai.