Me ya sa ƙurar beriliyam ke kama wani ta bar wani?

Malam, sannu da jinya. Ka ce ƙaninka na fama da ciwon huhu, abokan aikinsa masu fasa tsofaffin kayan lantarki a Panteka kuwa lafiyarsu ƙalau. In beriliyam ne, wato wani ƙarfe da ake samu a wasu kayan lantarki, gado na da hannu. Tun 1993 aka gano yawancin masu ciwon beriliyam na ɗauke da wani nau'in ƙwayar halittar gado da ake kira HLA-DPB1 mai Glu69. Ita ke sa garkuwar jiki ta yi ta faɗa da ƙarfen har huhu ya yi tabo. Amma mutane da yawa na da ita, ba abin da ya same su, sai an shaƙi ƙurar.

Don Allah ku faɗa wa likita sana'arsa, domin ciwon kan yi kama da tarin fuka. Allah ya ba shi lafiya.