Abin da ya fasa tulunanka a wuta

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa tuluna uku cikin goman da ka gina suka fashe a wuta, alhali ka shanya su kwana biyu a rana har suka yi fari, kuma ka ce yumɓun kake zargi. Yumɓun ba shi da laifi, domin a rami ɗaya muka haƙo shi da wanda na gina randunana. Ruwa ne ya fasa maka su.

Iskar hunturu da rana suna busar da bayan tulu su bar danshi a cikin jikinsa, musamman a gindi, inda ya fi kauri. Da zarar zafi ya kai digiri 100 a ma'aunin Celsius, ruwan nan yakan zama tururi, girmansa ya ninka fiye da sau 1,600, idan kuma bai sami hanyar fita ba sai ya buɗa wa kansa da ƙarfin tsiya. Ka sake duba tsingaron da ka kwaso daga toka, za ka ga gindin ne ya ɓalle kamar an ɓare shi, bakin kuwa lafiya lau. Saboda haka ka riƙa shanya aikinka a inuwa, idan ya yi tauri ka kife shi, sannan kafin ka kai shi wuta ka manna gindinsa a kumatunka. Muddin ka ji sanyi, bai bushe ba. Ko ya bushe ma, sai ka kife shi a kan ɗan garwashi ya sha ɗumi kafin ka jibga masa kara.

Na kuma lura ka rage dakakken tsingaro a kwaɓinka domin tulu ya yi santsi. Tsingaron nan shi ke buɗe wa tururi ƙananan hanyoyi, shi ya sa tukwanenmu na gargajiya suke jure wutar fili mai saurin tashi. A cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila maginin tukwane Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda shahararriyar mai ginin tukwane Ladi Kwali ta shiga a 1954, ana gasa kaya a tanderu da zafin da ya haura digiri 1,200, amma a hankali ake hawa, domin yumɓu mai laushi ba ya yafe gaggawa. Akwai kuma wata gaɓa a digiri 573, inda yashin da ke cikin yumɓu yake kumbura farat ɗaya, ya sake tsukewa lokacin hucewa. Wanda ya zaro tulu da zafinsa cikin iska mai sanyi, a nan yake samun tsagar da ba ya gani sai ya ƙwanƙwasa ya ji muryar ta dushe.

Dokin yumɓun da kake ginawa kuwa, kada ka bar shi dunƙule. Ka rarake cikinsa, kaurin ya zo ɗaya da yatsanka, ka huda masa ƙofa a ƙasa. Ranar gashi ka ja da baya a farkon wuta, domin tsingaro mai zafi yana iya tsiyaye ido.

Idan za ka daka tsingaro, ka fara yayyafa masa ruwa, ka rufe hanci da baki, kada kuma ka share rumfa a bushe, domin ƙurar tana zama a huhu ba ta fita. Gobe da safe ka kawo fasassun tulunan nan uku, mu jiƙa su mu daka, su shiga kwaɓin mako mai zuwa.