Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Waƙa Mai Zafi Ta Zo Ta Biyu a Kundi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Akwai wata waƙar rok ta Japan mai zafin kiɗa da nake ji a farkon wani fim ɗin zane. Da na samu kundin mawaƙan sai na tarar ita ce ta biyu, ta kai minti 4, kuma farkonta ya sha bamban. Me ya kawo haka? Ina da ƙaramin situdiyo, ina son in san inda zan ajiye irin wannan waƙa a nawa kundin.
Daga mai karatu, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka saba ji guntu ne. Buɗewar fina-finan zane na Japan, waɗanda ake kira anime, minti ɗaya da rabi ce, don haka ake datse waƙar ta koma sakan 89, a bar ɗan shiru gaba da baya. Cikin wannan ƙanƙanin lokaci ake cusa baiti na farko, da gaɓar da ke ɗaga murya, da amshi, wanda Japanawa ke ce wa sabi. Cikakkiyar takan ƙara baiti na biyu da wurin da jita ke kuka ita kaɗai, wani lokaci a ɗaga muryar amshin ƙarshe da rabin mataki, wato a ɗan ƙara mata tsayi.

Galibi irin wannan waƙa kan riga kundin fitowa da watanni, a faifanta ita kaɗai, tare da wata waƙar rakiya da kiɗan zalla na karaoke. Kafin kundi ya iso ta riga ta shiga kunne. Shi ya sa ake yawan yi mata shimfiɗa da gajeren kiɗa a lamba ta ɗaya, ita kuma ta faɗo ta biyu. Sau da yawa akan sake haɗa sautinta ko a canja farkonta don ta ɗinku da abin da ya gabace ta. Bambancin da ka ji ke nan.

Al'adar sa mai ƙarfi a gaba tana da tushe tun zamanin faifan garmaho: allura na matsowa tsakiyar faifai kyan sauti na raguwa, sai a bar masu sanyi a ƙarshen kowane gefe. CD ya fito a Japan a 1982, wannan matsala ta kau, amma al'adar ba ta kau ba.

To, ga naka aikin. Fara auna gudun kowace waƙa: ƙirga bugun ganga cikin sakan 15, ka ninka sau 4. In ka samu 44, gudunta 176 ne a minti, kuma wannan zafi ne sosai. A kundi mai waƙa 10 zuwa 12, ajiye ta a ta biyu ko ta uku. Kada ka jera uku masu gudu ɗaya a kan murya ɗaya. Kunne kan gaji, mai sauraro ya ɗauka waƙa guda ce ake ta maimaita masa. Bayan biyu masu zafi, sauko da mai wajen 90 ko 100.

Inda muka fi ganin ana tuntuɓe shi ne ƙarfin sauti. Waƙar da aka gyara don ta fita ita kaɗai an matse ta ta yi ƙara, sai wadda ke bin ta ta zama kamar raɗa, mutum ya riƙa kai hannu ga rediyo. Daidaita su duka a zama ɗaya, kana gwada ƙarshen wannan da farkon waccan, ba tsakiyarsu ba. Tazarar da aka saba bari sakan 2 ce. Tsakanin shimfiɗa da mai zafin kuwa, cire ta gaba ɗaya; kafin mai sanyi ka bar sakan 3 ko 4.

Kuma tunda a nan Maradi ta memori da WhatsApp waƙa ke yawo, rubuta 01, 02, 03 a gaban sunan kowace. In ba haka ba, waya za ta jera su bisa haruffa, mai zafin ta koma ta tara.