Amsa ga mai tambaya kan Kolmanskop, kufan da rairayi ke cinyewa

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce taro zai kai ka Windhoek, babban birnin Namibiya, kana da kwana uku a hannu bayan an tashi, kuma ka ga hotunan ɗakunan nan na Kolmanskop, tsohon garin haƙar lu'ulu'u, da rairayi ya cika har wuyan ƙofa, shi ya sa kake tambaya ko wurin ya kai a sha wahalar zuwa. Na taka wurin da ƙafata. Ka je. Amma kwana ukun nan naka ba su da ragi ko kaɗan, kuma akwai kuskuren da na yi wanda ba na so ka maimaita.

Ga kuskuren. Mun kwana a hanya, muka yi ta jan jiki da safe, muna tsayawa ɗaukar hoto a duk inda muka ga dama, sai muka isa ƙofar Kolmanskop wajen ƙarfe biyu na rana. An rufe. Lokacin da na je, daga takwas na safe zuwa ɗaya na rana ake shiga, ɗan jagora kuma yana zagayawa da baƙi sau biyu da hantsi, ran Lahadi sau ɗaya. Ba don lalaci suke rufewa da wuri ba. Da rana ta take, iska ke tasowa daga kudu, irin wadda ke tsinke maka magana a baki. Muka tsaya bakin shinge muna hangen gidajen a kan tudu kamar masu kallon tuwon gidan wani. Dole muka ƙara kwana. Akwai takardar izini ta masu ɗaukar hoto wadda ke ba ka damar shiga tun fitowar rana har faɗuwarta, ta fi tsada, kuma tun kafin ranar ake sayenta. In hoto ne ya kai ka, ita za ka nema. Ka tambayi masaukinka lokacin da ake buɗewa yanzu kafin ka kama hanya.

Hanyar ba wasa ba ce. Daga Windhoek zuwa Luderitz, garin bakin teku da ke kusa da Kolmanskop, ta kwalta ya haura kilomita 800, ka ɗauka kamar daga Kano za ka Ibadan, sai dai babu rami, babu shinge kowane taku, babu kuma kowa. Za ka bi B1 kudu har Keetmanshoop, ka karya yamma a B4, ka wuce Aus, sannan ka gangara cikin hamadar Namib har teku. Hannun hagu suke tuƙi. Duk gidan man da ka gani ka cika tanki ko da rabi ne ya rage, kada kuma ka yi tafiyar dare, saboda namun daji da rairayin da ke hawa kwalta kusa da Luderitz. Kwana ɗaya zuwa, kwana ɗaya a can, kwana ɗaya dawowa: kwana ukunka ke nan. Filin jirgin Luderitz yana daura da Kolmanskop ɗin kansa, don haka in aljihu ya yarda ka bincika ko akwai jirgi a ranakunka. Bayan Aus kaɗan, a Garub, akwai dawakan jeji da ke zuwa shan ruwa, minti ashirin ya ishe ka.

Yanzu ga abin da ya sa aka yi gari a inda ko ciyawa ba ta son fitowa. A 1908, lokacin ƙasar tana hannun Jamus, wani lebura baƙar fata mai suna Zacharias Lewala yana kwashe rairayi daga kan layin dogo da shebur, sai ya ga wani dutse na ƙyalli. Ya taɓa aiki a Kimberley ta Afirka ta Kudu, don haka ya san lu'ulu'u in ya gan shi. Ya miƙa wa shugabansa, August Stauch. Shi kuwa ya yi gum, ya tabbatar da abin, ya ajiye aikin jirgin ƙasa, ya kama filaye tun kafin labari ya bazu. Da ya bazu, Luderitz ta kusa zama kango, kowa ya yi jeji. Ɗan jagoranmu ya ce a wani kwari da ke kudu, mutane rarrafe suke yi a farin wata suna tsintar duwatsun da hannu kamar masu kalar gyaɗa. A watan Satumba na shekarar gwamnatin Jamus ta shata yankin gaba ɗaya, ta hana kowa shiga sai kamfanin da ta ba izini. Sunan yankin ke nan har yau a bakin mutane, Sperrgebiet, wato haramtaccen wuri, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 26,000. Zuwa 1912 ana fitar da kusan karat miliyan ɗaya a shekara daga nan, fiye da kashi ɗaya cikin goma na abin da duniya ke samu.

Stauch ya yi kuɗi na fitar hankali, daga baya ya karye, ya mutu a Jamus a 1947 ba shi da komai. Lewala kuwa sunansa kawai ake ambata.

Kuɗi ya yi aikinsa a wurin. Kilomita 10 daga teku, babu rijiya, babu kogi, amma suka gina asibiti mai gadaje 250, makaranta, tashar lantarki, gidan burodi, mahauta, zauren rawa da wasan kwaikwayo, da masana'antar ƙanƙara. Ruwan sha a jirgin ruwa ake kawo shi daga Cape Town. Kowace safiya wani ɗan tarago na bi gida-gida yana ajiye ƙanƙara da ruwa. Ka shiga mahautar ka duba yadda aka jingina ɗakin sanyinta da bangon masana'antar ƙanƙarar, sanyi ɗaya ya yi aiki biyu. Ni dai wannan dabarar ta fi burge ni a kan zauren rawar da kowa ke yabo, ko da yake zauren ma an gyara shi, in aka yi waƙa a ciki murya na kai wa har ƙarshen ɗaki ba tare da lasifika ba.

Bayan zagayen, sai a sake ku ku shiga inda kuka ga dama. A nan ne abin yake. Na shiga wani gida a jerin na manyan ma'aikata, inda ake nuna maka gidan manaja da na akanta da na mai zanen gini da na malamin makaranta. Ƙofar gaba a buɗe take, kuma ba za ta sake rufuwa ba, don rairayi ya riƙe ta har rabi. Sai da na durƙusa na bi ta ƙarƙashin dogarin ƙofa. Ciki bango shuɗi ne, da zanen furanni siriri da ya zagaye ɗakin daga sama, fentin bai gama mutuwa ba bayan shekara ɗari. Rufin ya zube, saura katako a jere, rana na shigowa ta tsakaninsu tana zana layi-layi a kan rairayin. A kan rairayin kuma ga sawun ƙwaro, ƙanana kamar ɗinkin keke, sun fito daga wannan ɗaki sun shiga wancan. Na miƙa hannu na taɓa saman taga ina zaune. A waje akwai bahon wanka na ƙarfe da ya fito daga wani gida yana zaune a kan tudu, cike da rairayi, kowa sai ya shiga an ɗauke shi hoto. Na shiga nima, ba zan ɓoye ba.

Wani cikin masu amsa tambayarka ya yi maka barkwanci cewa akwai aljanu a kufan. Ban ga komai ba sai iska da ƙarar kwano. Abin tsoron shi ne ƙusa mai tsatsa, fasasshen gilashi, katakon bene da ya ruɓe, da maciji. Ka sa takalmi rufaffe. Ka yi bisimilla ka shiga.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan. A lokacin da garin ke tashe, Turawan da ke ciki manya wajen 300 ne, da yara 40. Leburorin kwantiragi, yawancinsu 'yan ƙabilar Owambo daga arewacin ƙasar, wajen 800. Su ne ke kwanciya rub da ciki suna tsinta, su ne ke tankaɗe tsakuwa, su ne ke kwashe rairayi daga ƙofar gidajen nan kullum don kada ya yi abin da ya yi yanzu. Amma zagayen da aka yi da mu kusan duk labarin ƙanƙara ne da giya da 'yan wasan da ake ɗaukowa daga Turai. Sai da na ɗaga hannu na tambaya ina ma'aikata suke kwana, sannan aka nuna mini da yatsa can gefe, nesa da jerin manyan gidaje. Ɗan jagoran bai ɓoye komai ba da aka tambaye shi, har ya saki jiki ya faɗi fiye da abin da na nema. Tambayar ce ba a saba yi ba.

Ko na'urar hoton ƙashi da suke alfahari da ita, wadda ake cewa ita ce ta farko a kudancin duniya, ba don karaya kaɗai aka kawo ta ba. Da ita ake leƙa cikin lebura ko ya haɗiye dutse. In kwantiraginsa ya ƙare, sai a tsare shi kwanaki, a ɗura masa man zurma, a tace abin da ya fito. Ina tsaye a dogon barandar asibitin nan ina jin wannan, sai Barikin Ladi ta faɗo mini a rai. A Filato na tashi, na san kududdufan kuza da kamfanoni suka bari, na kuma ji daga bakin tsofaffi yadda aka yi ta ɗibar mutane daga ƙasar Hausa zuwa aikin tilas a lokacin yaƙin Hitila, sanyi na kashe su. Bambancin kawai, a can hamada ta adana gidajen, mu namu ruwa ne ya cika ramukan.

Don haka kada ka bar Luderitz ba ka je Shark Island ba, wani ɗan tsibiri da aka haɗe da gari, tafiyar ƙafa ce daga tashar jiragen ruwa. Daga 1905 zuwa 1907 sansanin tsare mutane ne, inda Jamusawa suka zuba 'yan ƙabilun Herero da Nama a lokacin kisan ƙare dangin da aka yi tsakanin 1904 da 1908. Sanyin teku da yunwa da aikin tilas suka kashe su da yawa, har da shugaban Nama Cornelius Fredericks, wanda akwai dutsen tunawa da shi a wurin. Fursunonin nan na cikin waɗanda aka sa aikin layin dogon da ya tashi daga Luderitz zuwa Aus, layin da Lewala ke sharewa ranar da ya yi tsintuwarsa. Shekara ɗaya ce tsakanin rufe sansanin da buɗe kasuwar lu'ulu'un. Sai a 2021 Jamus ta amsa a hukumance cewa kisan ƙare dangi ne. Da na je, mutane na kafa tanti a wurin suna gasa nama. Ban iya cin komai ba a nan.

Mutuwar garin ba ta da wani abin mamaki. Sojojin Afirka ta Kudu sun karɓe ƙasar a 1915, a 1920 attajirin lu'ulu'u Ernest Oppenheimer ya haɗe kamfanonin Jamusawan a ƙarƙashin kamfani ɗaya mai suna CDM. Dutse ya fara ƙaranci, sai a 1928 aka sami wanda ya fi shi girma da yawa kusa da bakin kogin Orange, kilomita 270 kudu. Kowa ya tattara ya bi, aka kafa Oranjemund. Na ƙarshe sun fita a 1956. A 1980 kamfanin ya fara gyara wasu gine-ginen don baƙi, sauran aka bar wa rairayi. Wannan shawarar ta yi daidai a ganina, don da an share duka da babu abin zuwa gani.

Har yanzu kana cikin yankin lu'ulu'u ne, kuma dokarsu a kan ɗanyen dutse mai tsanani ce. Kada ka tsinci komai, ko tsakuwa ce ta ba ka sha'awa. Kada ka sauka daga kwalta tsakanin Aus da Luderitz ka ce za ka zaga bayan tudu, allunan gargaɗin ba ado ba ne. In wani ya tare ka a gari da abu a ƙunshe cikin takarda yana raɗa, ka ce masa Allah ya ba da kasuwa ka wuce.

Sauran ƙananan abubuwa. Kyamara da waya ka sa su a leda mai zif, kada ka canza gilashin kyamara a waje. Tawa har yau tana ƙara in na juya ta. Ka riƙe rawani ko hirami na rufe hanci, da tabarau, da ruwa. Kada sunan hamada ya ruɗe ka: tekun wurin mai sanyi ne, da safe hazo ke rufe gari, a watan Yuli da na je sai da na sa rigar sanyi biyu. Kuɗinsu dalar Namibiya, darajarta ɗaya da rand na Afirka ta Kudu, kuma ana karɓar rand ɗin. Musulmi kaɗan ne a kudu, don haka kifi muka yi ta ci, kuma kifin Luderitz ba abin rainawa ba ne. Su mutanen nama ne, naman alade da na daji duk a faranti ɗaya, sai ka tambaya kafin ka sa hannu. In kana da kilishi ka bar shi a gida, ba lallai ya wuce kwastan ba, ka sayi dabino da biskit a Windhoek.

Sallah kuwa matafiyi ne kai, ƙasaru da jam'i sun sauƙaƙa maka. Sai dai ka duba alƙibla a waya tun kana da sabis, don a can ba gabas take ba kamar yadda muka saba, ta karkata arewa sosai, rana ma da tsaka ta arewa take bi. Ni ranar farko na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas da ƙarfin gwiwa, sai da abokin tafiyata ya juya ni.

In ka tsayar da ranakun, ka faɗa mini ko mota za ka haya ko jirgi za ka bi, in gaya maka inda ya fi dacewa ka yada zango a hanya.