Kuɗin jami'ar ɗanka ba jarin ƙanenka ba ne

Wani mai sayar da atamfa a kasuwar Dole ta Damagaram ya rubuto: "Ɗana saura shekara 2 ya zauna jarabawar bak, ta kammala sakandare. Na tara masa jika 800, wato sefa dubu 800, domin jami'a, na ba ƙanena yana juyawa a safarar kaya daga Kano, ya ce zai ninka su kafin lokacin. Yanzu yana neman ƙarin jika 300. In ba shi?"

Alhaji, kada ka ƙara masa ko dala. Ni ma ba jika 300 ɗin ce ta dame ni ba, 800 ɗin da suka riga suka fita ne. Duk cikin wasiƙarka ban ga inda ka ce an rubuta takarda ko an kira shaidu ba. Kai da ba ka sakin turmi ɗaya bashi sai ka sa a littafi, yaya kuɗin karatun ɗanka ya tafi da maganar baki? Wanda kuma ya ce zai ninka kuɗi, sannan ya dawo neman ƙari bai kawo lissafin na farko ba, to ruwa ba ya tsami banza.

Ban ce ƙanenka macuci ne ba. Hanya ce ba ta da tabbas. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, na kuma san wata baiwar Allah a unguwar Zango da ta ba surukinta kuɗin karatun 'yarta kafin nan. Kaya suka maƙale, jari ya narke. Yarinyar ta ci bak, ta zauna gida shekara guda, uwar kuwa ta kasa buɗe baki ta tambaya saboda nauyin zumunci. Na ga ranar da ta kwance 'yan kunnenta a gaban mai sayen zinariya, hannunta na rawa.

Ka je wurinsa a makon nan da wani babba na gidanku. A rubuta nawa ne, a sa ranakun biya, rabi ya dawo hannunka kafin yaro ya shiga ajin ƙarshe. Abin da ya dawo a ajiye shi da sefa, a asusun banki daban da na shago. Kada ka bar shi a naira.

Sannan ka zaunar da yaron, don na lura ko sashen karatun da yake a sakandare, A ne ko C ko D, ba ka faɗa ba. In abin da yake so akwai shi a Jami'ar André Salifou nan Damagaram, zai ci tuwon gida ya kwana gida, kuɗin rajista da takardu da na abin hawa kawai za ka ɗauka. In sai Yamai ne, a Jami'ar Abdou Moumouni, ni a ƙiyasina ka ware kamar jika 50 duk wata. Wata 10 jika 500 ke nan, digirin farko kuma shekara 3 ne. Ka ga 800 ɗinka ko shekara 2 ba su kai ba.

Ya nemi tallafin karatu na gwamnati, amma kada ka ɗora tukunyarka a kansa. Ba kowa ke samu ba, mai samu ma yakan jira. Daga wannan watan ka riƙa cire jika 25 daga ribar shago ranar da ka biya haya, ka zuba a wancan asusun.